Alhaji Muna-Sa-Ido da Atamfar Janar

Allah ya yi wa mutanen Morrisania gata da ya ajiye musu Alhaji Ishiyaku. A wasu unguwannin New York sai mutum ya kunna talabijin kafin ya san abin da gwamnatin Amurka take nufi da duniya. Mu kuwa sai dai mu sayi shayi a gidan abincin da ke jikin masallaci, mu ja kujera, mu jira Alhaji ya gyara hula.

Shi ne Shugaba, kuma Babban Sakatare, kuma Kakakin Cibiyar Kwanciyar Hankali da Zumuncin Ƙasa da Ƙasa. Mahassada suna cewa ba kowa a cibiyar sai shi kaɗai. Sharri ne kawai, akwai na'urar buga takardu.

Ɗaukakar Alhaji ta samo asali ne shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin yana jan tasi. Wata rana ya ɗauko wani Bature daga filin jirgin JFK, ma'aikaci a wani ofishi na Washington, cunkoso ya riƙe su a hanya awa ɗaya da rabi. Baturen ya yi barcin awa guda daga ciki, ragowar rabin kuma yana waya. Da zai sauka ya miƙa wa Alhaji katinsa. Alhaji ya kai katin aka lulluɓe shi da roba, ya ajiye tuƙi, ya zama masani. Shi yana kiran mutumin "aminina na Washington", mu kuma muna kiransa Baturen Kati.

Fannin da Alhaji ya fi shahara a kai shi ne tafsirin sanarwa. Duk ranar da Washington ta ce wani abu game da ƙasarmu, wadda ba zan kira sunanta ba don har yanzu muna da 'yan uwa a can, sai ya bugo takardar ya zo da ita, ya ɗora tabarau a kan hanci.

"Ku kuna jin Turanci ne kawai, ni kuwa ina jin Manya," in ji shi. "Idan statement ta ce suna sa ido, ma'ana Janar ya ci gaba da aikinsa. Idan ta ce sun damu, ya ci gaba amma ya rage ƙara. Idan ta ce ɓangarorin biyu su kai zuciya nesa, to adalci ke nan: mai bindiga ya rage harbi, wanda ake harbi shi ma ya rage mutuwa. Wannan shi ake kira stability, wato kwanciyar hankali."

Daga nan sunan Muna-Sa-Ido ya bi shi, kuma bai ƙi ba, don ya ɗauka sarauta ce.

Janar ɗin nan shekara ashirin da shida ya yi yana mulkinmu. Ya ba Amurkawa wani makeken fili a bayan gari suna ajiye jiragensu, su kuma suka ba shi suna Ginshiƙin Zaman Lafiya, suka haɗa masa da motocin watsa taro don zaman lafiyar ya zauna da kyau. Da ya ce zai gyara tsarin mulki ya zarce karo na shida, mutane suka fito titi, malaman makaranta a gaba. Washington ta ce tana sa ido. Ta sa idon kuwa sosai, don a gaban idon aka kwashe mutum fiye da ɗari uku cikin mako guda.

A cikinsu akwai Faruƙ, malamin firamare, wanda aka shiga har aji aka fito da shi da alli a hannu. Yayarsa ita ce Hasiya, tela mai shago a layin bayan masallaci. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da keken ɗinkinta ya yi karatu. Tun da aka tafi da shi ba wanda ya ji muryarsa, ba a ma tabbatar yana raye ba.

A daidai wannan lokacin ne labari ya zo cewa Janar zai shigo New York babban taron ƙasashe na watan Satumba. Kowa ya san al'adarmu: babban mutum ba ya zuwa a tarbe shi da kaya barkatai, sai an fitar da anko mai hotonsa. Alhaji ya sa aka bugo atamfa, fuskar Janar a cikin da'ira, an rage masa shekara talatin da tumbi guda. Sauran maza riga 'yar shara suke yi da irin wannan atamfa. Alhaji ya ce shi babbar riga yake so, don mai babban matsayi ba ya ɗaukar fuska biyu ko uku kamar gama-gari. Ya kai wa Hasiya yadi goma sha biyu.

Hasiya ta daɗe tana kallon fuskar da ke shimfiɗe a kan teburinta. Sannan ta ɗauko wata ambulan.

"Alhaji, zan ɗinka. Alfarma ɗaya nake nema. Wannan takardar ƙanena ce, da sunansa da ranar da aka kama shi. Ka miƙa wa aminin nan naka. Ko gawa ce a faɗa mana."

"Ƙanwata, ki ɗauka an gama," in ji Alhaji. "Ni da shi ba ma buƙatar appointment. Hannu da hannu zan ba shi."

Ta ɗinka rigar tana share hawaye da gefen mayafi, fuskar Janar goma sha tara. Ranar da ya zo karɓa ya zura ambulan a aljihun gaba, ya dafa wurin sau biyu don ta gani.

Ranar tarba, 'yan ƙasarmu suka rabu gida biyu a titin da ke fuskantar zauren taro. Can gefe masu anko su goma sha huɗu, har da wasu 'yan Ghana biyu da aka ce musu za a raba shinkafa. Nan gefe mutum wajen ɗari biyar, Hasiya a gaba, ta ɗaga wani farin ƙyalle da ta kai Canal Street aka buga mata hoton Faruƙ da sunansa da manyan baƙaƙe. Alhaji ya tsallako titi, iska tana kumbura rigarsa, Janar goma sha tara suna murmushi lokaci guda.

"Ku yi haƙuri da juna," ya ce wa masu zanga-zangar. "Manya ba sa son hayaniya. Kuna tsammani dimokuraɗiyya tuwo ce da za a tuƙa yau a ci yau? Ana bin process, mataki-mataki. Ni da nake ciki na san abin da ake dafawa."

Janar dai bai zo ba. Yana shirin hawa jirgi sojojinsa suka ƙi harbi, taro ya cika fadar, shi kuma ya sulale ta ƙofar baya zuwa wata ƙasa mai sanyi. Kafin la'asar ɗin washegari Washington ta fitar da sanarwa cewa tun fil azal tana tare da al'umma. Ta kuma yi maraba da sabon shugaban riƙo, wani Kanar, na hannun daman Janar, wanda makullan gidan yarin da ake tsare mutane suke hannunsa shekara tara. Filin jirage ya zauna inda yake.

Alhaji ya shigo gidan abinci da farin kaftani, ko ɗigon hoto babu.

"Ni fa tun farko na faɗa," in ji shi. "Duk wanda ya saurare ni da kyau ya san jikina bai taɓa ba ni mutumin nan ba. Ankon da kuka gani strategy ne. Sai ka matsa kusa da azzalumi kake sanin inda zai faɗi."

Kanar ya saki fursunoni arba'in, lauyoyi da 'yan siyasa waɗanda jaridun waje suka san sunansu. Hasiya ta karanta jerin sau uku, ba Faruƙ. Ta tare Alhaji a ƙofar masallaci.

"Na miƙa, hannu da hannu," ya ce mata. "Har ya girgiza kai. Suna sa ido, ƙanwata."

Bayan mako biyu aka shirya liyafa a wani otal a Manhattan don gabatar da wakilin Kanar, kuma Baturen Kati ne babban baƙo mai jawabi. Alhaji ya samo katin shiga ta hannun wani direba. Matsala ɗaya ce: ba lokacin bugo atamfar Kanar, kuma babbar rigarsa mai kyau ɗaya ce, wadda Janar ya mamaye. Ya naɗo ta a leda ya kai wa Hasiya, ya ce ta bi ta da farar shadda ta rufe fuskokin nan duka, kada ko kunne ya leƙo.

Tela ba ya sa almakashi a riga sai ya laluba aljihu. Hasiya ta zura hannu, ta fito da tsinken sakace, da ɓarin goro da ya bushe, da ambulan ɗinta. Ba a buɗe ta ba. An dai rubuta lambar wayar wani mai gyaran mota a bayanta, kuma miya ta ɗiga a gefe.

Ta zauna a kan kujerar keke. Kwana arba'in da ɗaya tana kwana da tashi da tunanin takardar nan tana kan wani tebur a Washington, ashe tana nan tana yawo a ƙirjin Alhaji tsakanin gidan abinci da masallaci. Ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce nan. Mijinta Usaini ya shigo ya same ta haka, ta miƙa masa ambulan, ya duba ya ce zai je ya sami Alhaji.

"Bar shi, maigida," in ji ta. "Ya yi alkawari zai kai, kuma zai kai."

Ta rufe gaban rigar da shadda fara tas, ta yi mata aiki a wuya wanda ko ango sai haka. A baya kuwa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta shimfiɗa ƙyallen nan na Canal Street, ta bi shi da ɗinki layi uku.

Alhaji ya zo karɓa a makare, kamar yadda ya dace da manya. Usaini ya ce ai ba a barin babban mutum ya sa riga da kansa, ya zura masa ita ta ka, ya naɗe masa hannuwan a kafaɗa, ya ce kuma shi zai kai shi a motarsa. Akwai dogon madubi a shagon. Alhaji ya tsaya gabansa minti biyar cur, ya gwada murmushi iri uku da yadda zai miƙa hannu. Bai juya ba. Mutumin da ke da fuska irin tasa me zai nema a baya?

Yana shiga zauren otal ya ji wurin ya yi tsit, sai kuma walƙiyar kyamarori. Zuciyarsa ta yi fari. Shekara goma sha ɗaya yana jiran duniya ta gane shi, ga shi yau ta gane. Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure masa kai: duk inda ya juya don ya ba su fuska, sai masu hoton su zagaya su koma bayansa. Ya ɗauka wata sabuwar girmamawa ce ta Turawa, ta bin babba a baya, sai ya ƙara rage sauri.

Ya isa gaban Baturen Kati ya buɗe hannuwa, ya zaro katin nan mai roba. Baturen ya duba katin, ya duba Alhaji, ya ce cikin ladabi ai ya bar wannan ofishin shekara takwas da suka wuce, kuma idan direba ne to motoci suna jira a ƙasa. Kafin Alhaji ya haɗiye wannan, wata 'yar jarida ta miƙo makirufo ta saman kafaɗarsa. Ta karanta sunan Faruƙ da ranar da aka kama shi, ta tambayi Baturen ko gwamnatinsa ta san inda malamin nan yake, tunda ga wakilin mai riƙe da makullan a tsaye kusa da shi.

Baturen ya kalli kyamarori, ya kalli wakilin Kanar wanda gumi ya fara jiƙa wa kwala. Ya ce gwamnatinsa ta damu matuƙa.

A duk tafsirin Alhaji ba a taɓa zuwa wannan babin ba. Ashe idan suka damu matuƙa a gaban kyamara, makulli yakan juya. Kwana huɗu bayan nan wayar Hasiya ta yi ƙara tana tsakiyar ɗinki. Muryar ta shaƙe, kuma maganar tana fita da iska saboda haƙoran gaba biyu da ya baro a can, amma da ya ce "Yaya" ta gane Faruƙ ne. Sai a lokacin ta yi kukan. Sauran mutum ɗari biyu da wani abu suna ciki har yau, don ba su da yaya tela. Su ana ci gaba da sa musu ido.

An ce Alhaji ya gano abin da ke bayansa ne a madubin lif, na'urar hawa benen otal ɗin, kuma ya kwana uku yana rantsuwa sai ya kai Hasiya kotu. Da labarin sakin ya iso, sai ya shigo gidan abinci ya gyara hula.

"Wannan ita ce diplomasiyya ta ƙarshe," in ji shi. "Na ce hannu da hannu zan kai, sai na ga hannu ya yi kaɗan."

Wata jarida ta buga hoton a shafi na shida. Shi ne karo na farko da Alhaji ya fito a jarida, don haka ya sa shi a firam ya rataye a ofishin cibiya, sama da na'urar buga takardu. Fuskar Faruƙ ta fito raɗau, ta Baturen ma haka. Na Alhaji kuwa ƙeya ce da hula. Baƙo yakan tsaya ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Alhaji, kai kana ina a nan?"

Sai Alhaji ya miƙe a hankali, ya juya masa baya. Nan take kowa yake gane shi.