Rasuwar Hatimin Ƙarfe na Ofishin Barista

Da zuciya mai nauyi da ido cike da ƙwalla, Barista mai shaidar takardu, wadda 'yan layinsu ke kira Uwar Hatimi, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinta, Hatimin Ƙarfe, wanda ya cika a kan teburinta da hantsi, yana tsakar aiki.

Marigayin ya shigo ofishin tun Barista tana amarya. Ba shi da yawan magana. Kalmarsa ɗaya ce, ƙwas, kuma idan ya faɗe ta gardama ta ƙare. Ya ciji takardun gado da na sayar da gida, ya raba 'yan uwan da suka shigo da kumburarrun fuskoki. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa a sake shigar da lambar sirri ba. Sau ɗaya ya ciji ɗan yatsan wani dillali, kuma daga baya an gane ya fi kowa sanin halin mutumin.

Ciwonsa ya fara ne ranar da Barista ta samu izinin shaida sa hannu ta intanet. Ta yi kwas, ta ci jarrabawa, ta sayo kyamara da fitila mai zagaye. Daga nan mutane suka daina zuwa. Sai dai su bayyana a allo, wani daga cikin mota, wani da singileti, su ɗaga katin shaida kusa da kunne tana cewa, "Matso da shi, hancinka kawai nake gani." Marigayin yana ji yana gani aka mayar da shi abin tokare kwamfuta. Bai yi ƙorafi ba. Tsatsa ce ta kama masa muƙamuƙi, Barista kuma tana ta cewa gobe za ta ɗiga masa mai.

Ranar ajali wani tsohon direba ya zo mallaka wa 'yarsa gidansa, don kada ƙannensa su kore ta bayan ransa. Idonsa ya yi rauni. Barista ta ce za a turo masa takardar a waya.

"'Yata," in ji shi, "abin da yatsana bai ji ba, ban yarda an yi shi ba."

Ta zaro marigayin daga ƙarƙashin kwamfuta, ta hure masa ƙura, ta sa masa takardar a baki, ta danna da hannu biyu. Ya yi ƙara, ya ce ƙwas a hankali, mariƙinsa ya ɓalle. Tsohon ya shafa tambarin da babban yatsa, ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Barista ta rufe ƙofa, ta kashe kyamara, ta daɗe ba ta ɗaga waya ba.

Marigayin ya bar ƙaninsa sitefila mai ɗinke takardu, da kushin tawada wanda ya bushe tun kafin wannan rashi, da biron da aka ɗaure da zare saboda halin jama'a. Magajinsa hoton hatimi ne a cikin kwamfuta, ba nauyi ba murya, yana suma duk lokacin da sabis ya ɗauke. Shi ya sa hannu a takardar shaidar mutuwar, bayan an jira ya farfaɗo.

Maigidan Barista ya kawo shawarar a miƙa gawar ga masu sayen tsohon ƙarfe. Iyali na roƙon a yi masa uzuri, ruɗewa ce.

Za a naɗe marigayin a tsohon gyalen Barista, a kwantar da shi a durowar ƙasa gobe da safe. Za ta zauna karɓar gaisuwa a ofis har yamma. Mai ta'aziyya ya tako da ƙafarsa. Ba za a karɓa ta bidiyo ba.