Rasuwar Kyauta, Mai Lissafin Tsaga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su saba da shirun ɗaki ba, iyalan Malam Mahmuda Na'Allah na Ƙauran Namoda ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, Kyauta, wadda ta cika ranar Laraba bayan azahar, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta shigo gidanga da 'yan shekarunta, jim kaɗan bayan Zamfara ta samu jiha. Ba ta taɓa rera waƙa ba, ba a taɓa kallon fim a fuskarta ba. Wasan karta guda aka samu a cikinta, shi ma da aka ƙaddamar da Shari'a Malam ya goge shi.

Sana'arta ɗaya ce. Malam kan zana mata falalen kankare, ya yanka shi ƙananan gidaje dubu arba'in, ya sa tsaga a tsakiya, sannan ya bugi gefe guda, bugu na lissafi. Ita kuwa sai ta bi girgizar gida-gida: inda ta wuce, inda ta ci karo da tsaga ta komo, inda ta zagaya. Da wannan, in ji Malam, wata rana za a gane gada mai ciwo a ciki ba sai an fasa ta ba. Tana aiki tana ƙirrr-ƙit-ƙit, in ta gaji ta ce tiiit. Bugu guda kan ci mata kwana goma sha biyu.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Shekara bakwai Malam ke bin digirinsa, malamansa kuma sun yanke mashi Litinin mai zuwa: ko ya zo da sakamako, ko a rufe fayil ɗinsa. Sai zafin bazara ya taso, marigayiya ta suma har sau biyu. Hankalin Malam ya tashi. Ya ɗauko randa ya cika da ruwa, ya ɗora kan benci, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya sa marigayiya a gindinta don ta sha sanyi.

Mahaifiyarsa, Inna Asabe, wadda ta shekara arba'in tana ginin tukwane a Badarawa, ta zo wucewa. Ta ƙwanƙwasa randar da zobenta sau ɗaya, ta karkata kunne, ta ce tsagagga ce daga gindi. Malam ya haska tocila, bai ga komai ba. Cikin ladabi, kansa a ƙasa, ya fahimtar da ita cewa gane tsaga ilimi ne mai cin kwana goma sha biyu.

A kwana na goma sha ɗaya da fara lissafin bugun ƙarshe, gindin randa ya buɗe. Marigayiya ta ce tiiit, gajere, ba ta ƙara ba. Abbati mai gyaran rediyo ya buɗe cikinta, ya jima yana kallo, ya mayar da murfi.

Ta bar allo, wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba, da linzamin da ake sarrafa ta da shi, da batirin mota biyu da suka raine ta duk sanda wuta ta ɗauke, da faifai uku ɗauke da aikin kwana goma, inda girgiza ta iso bakin tsaga ta tsaya cik.

Ba za a yi mata wanka ba, randa ta riga ta yi. Za a naɗe ta da tsohon zanen gado, a kai ta makwancinta saman kabad ranar Juma'a da hantsi. Zaman gaisuwa kwana uku ne, maza a zaure, mata a cikin gida, kuma ana roƙon masu zuwa kada su ambaci randa.

A yi wa Malam uzuri ranar uku. Lahadi da safe zai shiga mota zuwa wurin malamansa da faifan nan uku, da tukwane biyu, ɗaya lafiyayya ɗaya tsagagga, da Inna Asabe da zobenta. Ita za ta ƙarasa kwana biyun da suka rage. Ta ce a kama mata kujerar gaba.