Yadda Ake Rabon Admin Ba a Ɓata da Dangi Ba

Kai da aka damƙa wa mabuɗin furoje a ordinatar, wato kwamfuta, matso kusa. Bi matakan nan yadda suke, ni kuma na ɗaukar maka alkawari: babu kawu, babu goggo, babu surukin da zai ƙara ɗaure maka fuska a wurin suna. Lurwanu na Tasawa ya gwada. Ga shi nan da ransa, dangi kaf sai sa masa albarka suke yi.

1. Fara sanin abin da za ka raba

Kiredin waya Lurwanu yake saidawa a bakin tasha kafin Allah ya haɗa shi da wani furoje na Yamai. Hotunan shanu ake turowa, mutum ya duba ya danna: wannan mai ƙiba ce, wannan ramammiya, wannan ba ta da lafiya. Da haka na'ura za ta koyi gane halin saniya da kanta.

Kujeru uku ne da tabarma ɗaya. Akwai mai dannawa. Akwai mai duba aikinsa, ya karɓa ko ya maido. Sai admin, mai buɗe wa kowa asusu, ya ɗaga wanda ya so, ya sauke wanda ya so. Tabarmar kuwa ta mai kallo ce: ka gani da ido, ba ka taɓa komai.

Madam Kausar, shugabar furojen, ta ja masa kunne ta waya: "Lurwanu, admin kai kaɗai. Ranar da na tarar da na biyu, ka koma tasha." Ya ce to, Madam. Kai ma ka ce to, cewa to ba ya cin batir.

2. Kada ka zaunar da babba ƙarƙashin ƴar cikinsa

Aikin yana son masu idon shanu, sai Lurwanu ya ɗauko kawunsa Sale daga Isawan, dattijon da in saniya ta yi tari a bayan gari zai gaya maka ta wa ce. Ya ba shi kujerar dannawa. Mai dubawa kuwa Aziza ce, yarinyar da ta gama lise, wato sakandare, bara. Ta maido wa Kawu hoto, ta ce a gyara.

Kawu ya aje waya a hankali. "Lurwanu, wa ya ce in gyara?"

"Aziza ce, Kawu. Tsarin aikin ke nan."

"Azizar da na ci naman sunanta? To, madalla."

Wannan madallar ita ta hana Lurwanu cin tuwo. Kashegari ya ɗaga Kawu zuwa mai dubawa. Kawu ya yi godiya, sannan ya tambaya ko akwai wani abu sama da wannan. Lura da kyau, nan ake gane ɗan halak: ba za ka yi wa dattijo ƙarya ba, ba kuma za ka dubi tsabar idonsa ka ce a'a ba. Lurwanu ya sunkuyar da kai ya danna masa admin.

3. Zaɓi modifas mai sauƙi

Modifas, wato kalmar sirrin shiga, masana na Yamai sun ce a cakuɗa haruffa da lambobi da wasu ƴan ƙugiyoyi. Masana ba su da kawu. Bar dattijo ya zaɓi abin da ba zai manta ba.

Kawu ya zaɓi sunan saniyarsa, Wule, wadda babu gonar wake a Isawan da ba ta san ɗanɗanonta ba. Kuma ba ya iya rubuta sunan sai ya kira shi da ƙarfi, har mai shayin ƙofar buro, wato ofis, yakan waiwayo ya ga ko ta shigo ne.

4. Daidaita ɓangaren uwa da na uba

Labari ba ya kwana. Goggo Uwani, ƙanwar babansa, ta hawo mota daga Mayahi ta tsaya a bakin buro, ko takalmi ba ta cire ba.

"Wato dangin uwarka su ne mutane. Mu na uba sai ranar ɗaukar makara ake tuna mu."

Ba ta san abin da admin yake yi ba, ba ta kuma tambaya ba. Kai ma kada ka bayyana mata, ba ta kawai. Daga nan ka bi layi: mijinta, maƙwabcin Kawu, Aziza da aka tsallake, har mai shayi, tunda wurinsa ake cajin waya in wuta ta ɗauke. Binciken da na yi ya nuna iko ba ya ƙarewa don an raba shi, aikin ne kawai yake ƙarewa.

Yanzu sai ka ga albarka. Kawu ya ci karo da hoton wata saniya, haƙarƙari a waje, an danna mata ramammiya. Ya zabura. "Subhanalla! Wannan tsagar kunnen ta gidan Danda ce. In bari Yamai ta ji saniyar Danda ta rame? Da wane ido zan dube shi ran kasuwa?" Ya bi duk ramammu ya maida su masu ƙiba. Goggo kuwa da ta ga masu ƙibar gaske, sumul-sumul, tausayi ya kama ta. "Wannan in baƙi suka sa mata baki ai sai ta faɗi." Ta goge su tas. Ba a daɗe ba, in aka nuna wa na'ura ƙwarangwal sai ta ce mai ƙiba ce.

5. Hana taubashinka, don ka ji kai ma namiji ne

Mutum ɗaya Lurwanu ya iya cewa a'a: Bube, ɗan Kawu Sale, taubashinsa. Tun suna yara Bube ke fizge masa hula ran Sallah, sai ya fanshe ta. Al'ada ce ta ba shi, kuma duk wanda ya yi fushi da taubashi shi gari ke yi wa dariya. Da Bube ya roƙi admin, Lurwanu ya ce masa ya je ya yi kiwo. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Wayyo Lurwanu. Wa ya girma yana tatsar Wule?

Bube ya shiga asusun babansa, ya ɗora kansa kan kujerar admin, ya sauke Lurwanu kan tabarma, ya sake masa suna: Bawan Bube. Ranar kuwa Madam Kausar ta bugo ta ce ta wuce Gazawa, tana tafe ganin dalilin da na'ura ta haukace.

"Bube, don girman Allah! Madam na hanya, aikina ne fa!"

"Kai, bawa ke kiran ubangidansa ba sallama? Kawo jan zakara, ka tsuguna ka ce ranka ya daɗe, sai in duba."

A nan dole ka yi dariya. Lurwanu ya yi, zufa na bin ƙeyarsa. Ya zagaya neman jan zakara, bai samu ba sai fari.

6. In shugaba ta zo, tsaya daga baya

Madam ta shigo ta tarar da buro cike, kowa da wayarsa. "Wa ye admin a nan?"

Hannuwa suka tashi. Kawu, Goggo, mijin Goggo, mai shayi da buta a ɗaya hannun. Mutum ɗaya ne bai ɗaga ba, yana rungume da zakara.

"Lurwanu, sauke su duka. Yanzu."

Ya zauna ya danna, babu abin da ya motsa. Madam ta sunkuyo ta karanta. "Wane ne Bawan Bube?"

"Ni ne, Madam."

"Wa ya sauke ka?"

Bube ya gyara rawani. "Ni ne, Madam. Kayana ne ai."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka iya sauke ɗan'uwanka ke nan. Za ka iya sauke sauran?"

Ga shi kuwa ubansa na zaune. Bube ya juya baya, ya sake shiga asusun Kawu, ya bi su ɗai-ɗai ya maida kowa mazauninsa, asusun Kawun a ƙarshe. Sannan ya durƙusa. "Baba, ba ni ba ne. Wule ce ta shiga."

Kawu ya gyaɗa kai, har da murmushi. "Halinta ne. Ba ta ganin shinge."

Madam ta bar wa Bube kujerar admin. Lurwanu ta sallame shi da mutunci, ta ce ya tafi da zakaransa.

7. Girbi abin da ka shuka

Duba sakamako. Ko mutum ɗaya bai yi fushi da Lurwanu ba. Ya koma bakin tasha ƙarƙashin lemarsa, Goggo tana aiko masa da fura, ana nuna shi ana cewa ga yaro mai kunya. Ran kasuwa Kawu ya tsaya suka gaisa, ya jima yana kallon wayar saida kiredin.

"Lurwanu, ita ma wannan tana da admin?"

Lurwanu ya sunkuyar da kai.

A kula: alkawarin da na ɗauka na zumunci ne, ban ce uffan a kan aiki ba. Wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a tabarma, babu ruwana, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya kai kukansa wurin admin. Sunansa Bube, kuma ya ce har yanzu jan zakara yake jira.