Baturen Nukiliya a Kujerar Baya

Tuƙi a Alƙahira azaba ce, duk wanda ya ce maka ba haka ba a jirgin ƙasa na metro yake yawo. Na daɗe ina jan motar Oga, wani babba a ofishin jakadancin ƙasarmu. Gwiwa ta tafi, baya ya tafi, takardar zamana kuma a hannunsa take: ranar da ya ce khalas, an gama, sai jirgin gida. Duk na haɗiye. Abin da ba zan manta ba har a binne ni shi ne ranar da bakina ya kusa mayar da ni gida.

Oga ne ya aike ni otel in ɗauko masa baƙo, za su ci abincin rana. Bature ne ɗan Rasha, cikin masu gina wa Masar tashar wutar nukiliya can bakin teku, yanzu kuma suna zawarcin ƙasarmu. Ya shiga baya, ya ɗaga min kai, ya duƙufa kan wayarsa. Tamam.

Mu Hausawan Alƙahira muna da wata cuta: mun ɗauka Hausa ɗaki ne mai sakata. A bas, a kasuwa, mu yanka mutum yana tsaye gabanmu yana mana murmushi. To, muna maƙale a cunkoson Abbasiya sai ga kiran Ɗanjuma tela, maƙwabcina a Ainu Shams. Na sa shi a sifika (ni ai mai bin dokar hanya ne).

"Kana ina, mutumina?"

"Na ɗauko dillalin bam."

"Wane bam kuma?"

"Masu nukiliya mana. Ka ga mai janareta? Ya ba ka bashi ka saya, man da za ka zuba a wurinsa, bakanike nasa, in ta tsaya shi za ka kira. Haka suke, sai dai nasu har jikokinka. Ka yi musu gardama a taron duniya, su tuna maka wa ke riƙe da makunni."

(Ni da na tsaya aji huɗu, ga ni ina fassara siyasar duniya. A rediyo na tsinta, na ƙara gishiri.)

Da nan na tsaya da sauƙi. Ɗanjuma ya tambayi kamanninsa, na leƙa madubi na ba da rahoto: sanƙo har ƙeya, hanci kamar karas.

"Oganka fa, zai yarda?"

"Oga? A ba shi shayi a ɗauke shi hoto, ko a tsakar gidansu za a gina, zai sa hannu."

Muka sheƙe da dariya.

Na tsaya ƙofar gidan Oga. Baturen ya ajiye waya, ya ce, da Hausa tas irin ta masu karanta labarai:

"Sannu da aiki, malam. Batun hanci gaskiya ne, gado na yi. Amma bam ba ma sayarwa, wuta ce kawai."

Na waiga da sauri.

"Ranka ya daɗe, a ina ka..."

"A jami'a, a Mosko. Wanda zai yi ciniki da ku har jikoki, ai gara ya ji abin da kuke faɗa."

"Maganar Oga fa... ina da iyali."

"Ma'alish, ba komai, ba zan faɗa masa ba. Yanzu mun zama abokai, ni da kai." Ya dafa kafaɗata. "Mu kuma abotarmu ba ta ƙarewa da wuri."

Oga ya fito da fara'a. Baturen ya yabe ni da Turanci, ya roƙa a bar masa ni har ya gama kwanakinsa a gari. Oga ya dube ni yana alfahari, wai na fita kunyarsa.

Wato ƙasarmu ko takarda ba ta sa wa hannu ba, ni har an gina min tasha a ka, makunni kuma yana aljihun Bature. Darasin da na koya bai da yawa: kowane sanƙo da kunne biyu a gefensa.

Washegari na wanke mota, na kashe waya na jefa ta but ɗin mota, na isa otel tun kafin Baturen ya karya. Da ya fito na buɗe masa ƙofa, na rusuna.

"Ina kwana, ranka ya daɗe?"

"Lafiya lau, abokina. Yau ba za mu kira Ɗanjuma ba?"