Kwando Sittin

A wani daji da ke tsakanin koguna biyu akwai wata makaranta a kan tsauni wadda ba a koyar da sana'a a cikinta. Ba haƙa rami, ba saƙar sheƙa, ba farauta. Abin da ake koyarwa shi ne tarihin daji, da iya magana, da sunayen taurari, da dalilin da ya sa ruwa ke gangarowa ba ya hawa. Shugabanta, Shehin Malami Gauraka, yakan ce su ba ciki suke cikawa ba, kai suke gyarawa.

Duk shekara 'ya'yan dabbobi ɗari uku ke neman shiga, a ɗauki goma sha biyu. Wata shekara da masu nema suka ragu, sai aka tura Hankaka ya zaga daji yana shela kowa ya kawo ɗansa. Ba wai an ƙara gurbi ba ne. Ana dai bukatar waɗanda za a mayar gida, don da yawansu ake auna darajar makarantar.

Kuɗin makaranta kuwa a jikin kukar da ke gindin tsauni aka rubuta shi da manyan baƙaƙe: kwando sittin na gyaɗa a shekara, har shekara huɗu. Ranar biya jakuna ke hawa da kwandunan a rufe, gida-gida, duk daji ya fito kallo yana ƙirgawa.

To, akwai wani Burgu, dillalin gyaɗa, wanda ya yi shekara talatin a kasuwa bai taɓa sayen kwando ba tare da ya zura hannu har gindinsa ba. 'Yarsa ɗaya, Kyallu. Tun tana ƙarama take yi masa tambayoyin da ba shi da amsarsu, yana korarta ta je ta taya uwarta ɓare gyaɗa. Ita ce ta shigo masa da gudu wata safiya.

"Baba, sun ɗauke ni."

"Madalla. Su kuma me za su ɗauka a wurina?"

"Sittin ne a rubuce."

Burgu ya shiga lissafi. Gonarsa kwando arba'in da biyar take ba shi idan damina ta yi kyau. Sha biyar na ci ne, goma iri ne, ashirin ne kawai yake iya juyawa. Kuma a gidansu, tun kakanni, ba a taɓa taɓa iri ba.

"Idan kin fito, me za ki zama?"

"Ba zama ake yi ba, Baba. Sani ake yi."

"Ni ma na san yunwa, kuma kyauta na koye ta."

Ya faɗa ne don ta yi dariya, ba ta yi ba. Da ya dubi fuskarta sai ya ɗauki sandarsa ya fita. Kaya dai ba a ƙin sa sai an taya.

Ya fara biyawa bakin kogi wurin Zalɓe, wanda ya gama makarantar shekara goma da suka wuce. Ya same shi tsaye da ƙafa ɗaya.

"Malam Zalɓe, tsakani da Allah, me makarantar nan ta ƙara maka?"

"Kifi dai da baki nake kama shi, kamar yadda mahaifina ya kama," in ji Zalɓe. "Sai dai ni idan na tsaya jira ina da abin tunani, shi kuwa tsayuwa kawai yake yi. Sannan Kada da ya bar mini wannan gaɓar, benci ɗaya muka zauna."

Amsar farko Burgu bai san farashinta ba. Ta biyu ya gane ta sarai.

Daga nan ya hau tsauni wurin Ma'ajin makaranta, Hajiya Hawainiya. Ta dube shi da ido ɗaya, ɗayan yana kan tsohuwar jakarsa, sannan a hankali ta rikiɗe ta zama kalar ƙasa, irin kalar jikinsa.

"Malam Burgu, ni ma 'yar talakawa ce, na san halin da kake ciki. Ja ƙofar nan. 'Yarka mai hazaƙa ce, irinta ba ma so ta wuce mu. Saboda ita, ita kaɗai, Shehi ya yarda ka kawo talatin da biyar."

"Allah ya saka. Sauran ashirin da biyar ɗin fa?"

"Ranar biya dole a ga sittin sun hau. Ka cika sauran da ɓawo, ka yafa gyaɗa a sama, ka rufe. Kada kowa ya ji. Idan sauran iyaye suka ji an yi maka, ka san halin dabbobi."

Burgu ya sauko ƙirjinsa a buɗe, don duk wayonsa uba ne, an ce 'yarsa ta fi ta kowa. Sai da ya kai gindin tsauni lissafi ya dawo masa. Talatin da biyar na nufin ribar ta tafi, irin ya tafi, har biyar daga na ci. Bana za a biya. Baɗi da me za a shuka?

Duk da haka washegari ya shiga kasuwa neman ɓawo. Ɓawon gyaɗa, wanda kullum roƙo ake yi a zo a kwashe, sai ya tarar ana sayar da shi, har da layi. A gaban layin ga Barewa, wadda aka ɗauki ɗanta tare da Kyallu.

"Hajiya Barewa, me za a yi da ɓawo haka?"

"Shimfiɗa. Bayana ke ciwo."

"Allah ya sawwaƙe. Kwando nawa bayan yake bukata?"

"Ashirin da biyar," ta faɗa, sannan ta kama bakinta.

Burgu ya koma gida bai sayi komai ba. Ranar biya bai ɗora kaya ba, ya je gindin kuka ya zauna. Jama'a na ƙirga kwanduna, shi yana kallon ƙafafun jakuna. Wanda ya yi shekara talatin yana karɓar kaya ya san tafiyar jakin da ya ɗauko gyaɗa, ya san ta wanda ya ɗauko iska. Gida goma sha ɗaya suka hau. Na Toron Giwa ne kaɗai jakunansa suka yi nishi tun daga na farko har na ƙarshe. Sauran gida goman, jakunan baya har tsalle suke yi a kan hawa.

Ya kai ƙara majalisar kasuwa. Kunkuru, wanda shi ne Sarkin Kasuwa, ya tara kowa a inuwar tsamiya, ya ba Burgu dama.

"Ranka ya daɗe," in ji Burgu, "ni ban yi karatu ba, awo na sani. A kasuwar nan idan na rubuta sittin na sayar talatin da biyar, na ce wa kowane mai saye shi kaɗai na yi wa, ku da kanku za ku kore ni. Ban ce karatun tsauni ba shi da amfani ba. Na tambaya, an ce yana da shi, ko da yake ba irin wanda ake zubawa a mudu ba ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a goge abin da ke jikin kuka a rubuta gaskiya. Akwai iyaye da yawa da suka karanta sittin suka juya da 'ya'yansu, ba su ma hau sun tambaya ba. Mu da muka hau kuma, kowa an rufe shi a ɗaki shi kaɗai, ba mai iya tayawa don bai san abin da ɗan'uwansa ya biya ba. Ni irin shukata ake nema in ɗora a jaki. Kafin in ɗora, ina so in ga gindin kwandon."

Iyaye goma kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Shehi Gauraka ya miƙe, ya gyara tukkunsa, ya yi magana a natse.

"Malam Burgu ya yi awo daidai, ba zan musa masa ba. Amma ya ɗauka sittin farashi ne. Ba farashi ba ne, matsayi ne. Mu ajinmu ɗalibi shida, malami ɗaya. Muna da rumfar karatu, da tafkin wanka, da filin da ake kallon taurari, duk ci suke yi. Idan muka rubuta talatin da biyar, gobe za a ce mun zama ɗaya da makarantar Gara da ke kwari, inda ake koyar da gini. Sannan ku dubi alherin da ke ciki. Mai hali ya biya duka, marar hali a rage masa, kowa kuma ya hau da sittin a idon duniya. Wa muka tozarta? Mun ɗauki uwa mun ce mata ɗanta na musamman ne, ta koma gida da farin ciki. Yau an ƙwace mata wannan. Ba mu muka ƙwace ba."

Barewa ta fashe da kuka. "Ni aka ce wa nawa ne kaɗai," take cewa. Ba Hawainiya take harara ba, Burgu take harara.

Kowa ya juya wurin Toron Giwa, don shi aka fi cuta, ana jiran ya tumɓuke tsamiyar. Ya ɗaga hancinsa a hankali.

"Ni na daɗe da sani. Jakunana nake ji suna nishi, na wasu suna waƙa. To sai me? Ina da shi ne na biya. Ranar da aka rubuta talatin da biyar a jikin kukar nan, ranar zan cire ɗana in kai shi tsaunin gabas, inda suke karɓar saba'in. Ba zan tsaya a taron manya in ce ɗana yana makarantar araha ba."

Sai ga iyayen nan goma sun sami murya. Wannan ya ce surukansa sun san sittin yake biya. Wancan ya ce da lambar aka nemi auren babbar 'yarsa. Kafin la'asar majalisa ta yanke hukunci: rubutu ya zauna yadda yake, Burgu kuma ya ba da haƙuri saboda kallon ƙafafun jakunan da ba nasa ba. Ya ba da haƙurin, ya tafi gida.

Kyallu ta tare shi a bakin rami. "Shi ke nan, Baba, ka rufe mini ƙofa."

"Jeki ki wanke kayanki. Mai kaya da aka gane masa gindin kwando ba ya korar mai saye. Biyo shi yake yi."

Haka kuwa aka yi. Washegari da hantsi sai ga Hajiya Hawainiya ta iso, tana taka ƙasa kamar ba ta so, yau kalar ganye.

"Malam Burgu, Shehi ya ce a gaishe ka. Ya ce makaranta ba ta riƙe kowa a zuci. Talatin."

"Ina amsawa. Sha biyar."

"Haba, Malam. Ashirin da biyar, don darajar yarinya."

"Darajar yarinya tana nan, ba ita muke ciniki ba. Ashirin nake da shi wanda ba na ci ba, ba iri ba. Idan bai yi ba, kasuwa na ci kullum, ni kuma bakina ba ya gajiya."

Idanunta biyu suka haɗu a wuri ɗaya, abin da ba su cika yi ba. "Ashirin. Amma sittin za su hau, kuma duk wanda ya tambaye ka, sittin ka biya."

"Na saya," in ji Burgu.

Bayan ta tafi Kyallu ta ce, "Baba, jiya kai ka ce a rubuta gaskiya."

"Na ce. Kin ga waɗanda suka ƙi. Idan kin je can ki tambayi malamanku dalili, ki dawo ki faɗa mini. Ashirin ɗin nan ya kamata ya sayi amsa ɗaya."

Irinsa goma ya shiga ƙasa da ruwan farko. Da kaka kuma, kafin kowa ya farga, Burgu ya bi gidaje ya kwashe ɓawon daji kaf, masu shi suna yi masa godiya, ya haƙa sabon rami ya adana. Satin biya duk iyayen da bayansu ke ciwo wurinsa suka zo. Bai taɓa tambayar kowa komai ba. Da ribar ɓawo ya biya shekara ta biyu, da ta uku, da ta huɗu.

Kyallu ta fito da sakamako mai kyau. Ta san taurari, ta san tarihi, idan ta yi magana a taro har Kunkuru kan fito da wuyansa ya saurara. Amsar da uban ya aika ta nema ma ta samo, ta zauna ta yi masa bayani tun hantsi har azahar, ya ce ya gamsu, ko da yake shi a taƙaice ya san ta. Makarantar ba ta bari ta wuce ba, aka ɗauke ta aiki a ofishin Ma'aji. Aikinta na farko shi ne sabunta rubutun jikin kuka, don tsaunin gabas ya kai saba'in da biyar. Ta hau ta rubuta tamanin.

Burgu yana cikin masu kallo. Ya daɗe yana duban baƙaƙen, sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kun ga hannu. Ba a banza na zuba sittin-sittin ba." Iyayen da ke wurin duk suka gyaɗa kai cikin girmamawa.

A shekarar ɓawo ya kusa kamo gyaɗa tsada a kasuwar daji, kuma masana na kan tsauni suna nan suna binciken dalili.