Miyar Ganyen Teku Ana Gobe Jarrabawa

"An tashi lafiya, amaryar bara waccan?"

"Lafiya lau, angon da ba ko anini. Yau ka ƙara shekara, hankalin fa?"

A bakin ƙofa na tarar da su, mahaifiyata Malsun, wadda muke kira Iya, da jikanta Giho, ɗan marigayiya yayata Hyeran. Ita ta rungume fulas kamar jariri, shi ya toshe hanci da yatsu biyu. Ban tambaya ba na san abin da ke ciki. Miyar ganyen teku ce, wadda kowa a ƙasar nan yake sha ranar zagayowar haihuwarsa, don ita mai jego ke sha bayan ta sauka. Sai dai washegari Giho zai zauna jarrabawar neman aiki, kuma ko ɗan firamare ya san ba a shan wannan miya gab da jarrabawa. Santsi gare ta, sai ta zamar da mutum.

Bara ma haka ranakun suka zo kusa da juna, ya sha, ya faɗi. Bana in ya ci, Seoul zai koma, Iya ta rage ita kaɗai a gidan nan na kan tudun Yeongdo, a birnin Busan, inda ta raine shi tun bai iya ɗaura takalmi ba.

"Ba zan sha ba, Kaka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake."

"Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Miya ce ta riƙe maka alƙalami bara?"

"Na gano ki ai. So kike in zame in faɗo, in ci gaba da ɗauko miki gas har tsufana."

"Kai? Wallahi tukunyar gas ta fi ka amfani, ita ko banza tana dafa abinci."

Dariya suka yi, ni ban yi ba. Maganar gaskiya, abin da ya faɗa da wasa shi nake zargi da gaske. Na san uwata, ba ta taɓa sakin abin da ta riƙe ba sai an ɓamɓare yatsunta.

Giho ya so ya koma ɗaki ya duƙufa kan littafi, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya sa riga mu fita. Wai a Busan aka haife shi amma bai san Busan ba, daga ɗaki sai ɗakin karatu kamar kazar da aka ɗaure. Ni aka ba wa jaka da lema. Fulas kuwa ta hana kowa taɓawa.

Da muka gangara bakin gada, sai muka tarar an tsayar da motoci, ana ɗaga gefenta sama don jirgin ruwa ya wuce. Giho ya saki baki yana kallo kamar baƙo, ya ce shi fa a talabijin kawai yake gani. Iya ta nuna masa ƙasan gadar da haɓa.

"Ka ga can, wajen igiyoyin nan? Nan muka tsinto ka cikin kwandon kifi."

"Shi ya sa nake da kyau, ban gado ku ba."

"Mai kifin ma sai da ya haɗa mana da ƙaguwa biyu kafin muka yarda muka ɗauka."

A kasuwar kifi ta yi abin da ta saba. Ta taya busasshen kifi har mai kayan ta rantse, ta sake rantsewa, sannan ta ajiye ta ce ai kallo take. Kunya ta ishe ni, na yi kamar ban san ta ba. Muka ci kifi niƙaƙƙe a tsinke, muka kurɓi romonsa mai zafi a tsaye. Muka bi layin masu wainar nan da ake tsagawa a cusa mata 'ya'yan kabewa da sukari, Giho ya cinye tasa ya cinye rabin tata, wai yana tausayin haƙoranta na roba ne. Ta ce haƙoran roba sun fi kan roba. A kowace tsayawa sai ta ɗan girgiza fulas a gefen kunnensa, shi kuma ya ce a gaida mai miya.

Ya ja mu hasumiyar tsakiyar gari, wadda shi ma bai taɓa hawa ba. Daga sama ya yi ta nuna mata tashar jiragen ruwa da unguwarmu, yana cewa yau dai yaro ya hango abin da babba bai gani ba.

"Hango min inda aka haife ka," in ji ta.

Ya sauke hannu. Ya waiwayo ya dube ni, na kau da kai. Ba mu taɓa kai shi ba, don tun rasuwar Hyeran babu wanda ke bi ta wannan unguwa a cikinmu.

Bas muka shiga, muka sauka a gindin wani tudu, muka kama hawan matakala. Iya tana hawa tana hutawa, yana ce mata ya goya ta, tana ce masa ita ba ta hawa jakin da bai ƙoshi ba. A sama, inda gidan ungozoma yake a da, yanzu wurin ajiye motoci ne. Ba abin da ya rage sai wata bishiya da benci a gindinta. Ta zauna, ta ɗora fulas a cinya, ta daɗe kafin numfashinta ya daidaita.

Nan ta ba shi labarin da ni ma rabinsa kawai na sani. Ta ce ganyen da za a dafa wa mai jego ba a taya shi, ba a kuma lanƙwasa shi, don kada haihuwa ta zo da gardama. Ita da ba ta taɓa sayen ko allura ba ciniki ba, ran nan abin da mai ganye ya faɗa shi ta miƙa. Ta ɗauko shi a miƙe, ya fi ta tsawo, direban bas ya ce sai ta karya shi biyu. Ta sauka, ta tako da ƙafa tun daga kasuwa har saman tudun nan, mutane suna ta kaucewa.

"Uwarka ta sha kwano biyu tana kuka, wai gishiri ya yi yawa. Kai kana gefe, ja wur, mummuna, sai ihu." Ta shafa murfin fulas ɗin. "Miyar nan ba taka ba ce, ɗan nema. Kai me ka yi ran nan ban da ihu? Tata ce. Shekara duk sau ɗaya ake tuna wahalarta, ban so a tsallake ba."

Na ji kewar yayata ta taso min, na yi ta gyaran lemar da ba abin da ya same ta. Giho ya sunkuyar da kai. Can ya miƙa hannu.

"Zuba min, Kaka."

Ta buɗe, ta tsiyaya a murfi, tururi ya tashi da ƙamshin man riɗi. Na ce a raina shi ke nan, ta samu abin da take so, ta bi ta inda ba zai iya ƙi ba. Yatsunsa na taɓa murfin ta make masa hannu.

"Wa ya ce naka ne? Kwaɗayayye."

Ta kafa kai ta shanye tas, ta sake zubawa ta miƙo min. Ta ce uwa ta sha, ƙanwa ta sha, an tuna da Hyeran, magana ta ƙare. Santsin kuma ya bi ta kanta, tunda ita ba inda za ta.

Sai ta laluba aljihun rigar sanyinta ta fiddo wani ƙunshi. Alewar shinkafa ce mai danƙo, irin wadda ake ba masu jarrabawa don su manne kada su faɗo. Ban ga lokacin da ta saya ba. Ashe tun a kasuwa, sa'ad da na juya baya don kunya.

"Kaka, in na manne fa tafiya zan yi."

"Na sani. Da ban sani ba zan zaɓo wadda ta fi danƙo?"

"Wa zai ɗauko miki gas?"

"Mazan unguwa sun ƙare ne? Na sake ka, je ka. Na gaji da mijin da ba ya kawo cefane."

Ya jefa alewar a baki, ta kama masa haƙora, ya yi ta ƙoƙarin mayar da martani bakin ya ƙi buɗuwa. Iya ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ta samu maganin bakinsa, da ta sani da tuni ta saya. Ya ɗaga hannu biyu sama alamar ta ci. Idanunsa sun yi ja, kowa ya yi kamar alewar ce.

Da muka tashi gangarowa, ta tsaya a saman matakala ta dubi zurfinta, ta miƙa masa hannu, abin da ta ƙi yi tun safe.

"Riƙe ni da kyau, ango. Na sha santsi."

Ya riƙe ta. Ni ina biye da fulas har muka sauka.