Jan Madannin Rediyona

Ba zan taɓa mantawa da bikin autata Rabi ba. Ranar ce muryata ta fito a lasifika, gaban surukai, ina rera waƙar soyayya da muryar mace.

Ni ba mutumin wasa ba ne. Babbar mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Funtua, na fito daga ƙarƙashin buhunan masara da ƙafata. Mutanen daji sun taɓa riƙe ni, na dawo ban yi wa kowa kuka ba. A garinmu Mahuta in na doso majalisa, samari kashe waƙar wayarsu suke yi. Matata Hajara kuwa, tun da aka kawo ta ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ta kuma san da ita nake.

Amma ina da ciwo guda: kiɗa.

Tun zamanin kaset nake saye. Duk kaka in na sayar da masara a Dandume, sai na wuce Funtua wajen Sale mai waƙoƙi. Kaset ya wuce aka koma faifai, faifai ya wuce aka zo da memori, ɗan abu kamar farce. Sale bai canza rumfa ba, ni ma ban canza Sale ba. Kiɗan noma, kukuma, garaya, goge, na tsofaffin da suka rasu tun ina saurayi, duk ina da su. Ban yi boko ba, ba na karanta abin da aka rubuta, don haka kowane memori da kwalin ashanarsa. Na tsofaffi na ɗaure kwalin da baƙin zare. Na yabon Manzo da fari.

Akwai na uku mai koren zare. (Wannan ko Hajara ba ta san da shi ba.)

Wata shekara na tarar Sale ya kunna wata waƙa, mace da namiji suna amsa wa juna. Na tsaya. Na ce, "Wannan shirmen na waye?"

Ya ce, "Na yaran zamani ne, Baba. A tura maka?"

Na ce, "Tura wa jikata."

Lokacin ba ni da jika ko ɗaya. Sale ya sani. Bai yi dariya ba, shi ya sa har yau nake cinikinsa. Daga nan duk shekara jikar nan sai ta buƙaci sababbi: na fim, na Indiya waɗanda ba na jin ko kalma, har da kiɗan ƙwarya na mata. A bayan rumbu nake saurare, can ƙasa-ƙasa, har na haddace su.

Gonata tana bakin hanya, don haka a can mai baƙin zare nake sa wa 'yar rediyona, masu wucewa su ji kiɗan maza. Rediyon tana da wani jan madanni. Na lura in na danna shi kiɗa yana tsayawa, wata 'yar wuta tana ƙyaftawa, in na sake dannawa ya dawo. Na ce wannan na hutawa ne. Ban tambayi kowa ba. (Ban saba tambaya ba.) To in na duba gabas na duba yamma babu kowa, sai in danna shi, rediyo ta huta, ni in ɗauka. Ina bayan shanun huɗa ina rera na koren zare. Wajen namiji ba ya burge ni. Na macen nake yi, don shi ya fi daɗi.

Damina biyu ina haka.

Da bikin Rabi ya zo, mata suka ɗauko Iliya mai kayan sauti. Ya jera lasifika a ƙofar gida, kowace ta kai tsayin mutum. Na kira shi na ce, "Ba za a sa mini waƙar banza a ƙofar gida ba." Na kwance baƙin zare na miƙa masa memori. "Wannan za ka sa, daga farko har ƙarshe. Ka cire, ka kwashe kayanka."

Ya ce, "Baba, mata fa na rawa suke so."

Na ce, "Da irin wannan aka kai tsohuwarka ɗaki, ba ta kuma dawo ba."

Bayan la'asar dangin ango suka iso daga Malumfashi. Babbansu Alhaji Mamman, kawun ango, mutum mai farin gemu da carbi. Muka zauna a tabarma, kukuma tana tashi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, yau na ga gidan mutunci. Ko'ina ka je yanzu waƙoƙin 'ina sonki ina sonka' ne. Namiji da gemunsa yana kuka kamar akuya."

Na ce, "Alhaji, ni ko a hanya na ji, toshe kunne nake."

Taubashina Ɗanjuma yana gefe. Shi kaɗai ne a garin ba ya tsorona. Ya ce, "Wannan ai dutse ne, Alhaji. Ko dariya sai da sallah."

Na ji daɗi. Na gyara hula.

Waƙar ƙarshe ta ƙare. Lasifika ta yi shiru. Sai iska, sai kukan kurciya, sai wani ya yi gyaran murya. Daga nan wata siririyar murya ta taso, tana rawa, tana karyewa a tsakiya:

"Dawo da wuri, masoyi, tuwo yana hucewa, ni ma ina hucewa..."

Ban gane yadda aka yi ba, amma na gane mai muryar.

Alhaji Mamman ya tsayar da carbi. Ya ce, "Subhanallahi. Wace tsohuwa ce wannan?"

Na ce, "Ban san ta ba." (Allah ya yafe mini.) "Wata ce ta zamanin da. Ta rasu."

Ɗanjuma ya ce, "Allah sarki. Da jin muryarta ta sha wuya kafin ta cika."

Na ɗaga wa Iliya hannu ya kashe. Ya ɗauka cewa nake ya ƙara, ya ƙara. Marigayiyar ta ja numfashi ta shiga baiti na biyu, ta kai wajen da ake lanƙwasa murya. Sai kawai ta koma ƙato:

"Kai Goje! Koma kunya, ɗan banza, kafin in karya maka ƙaho!"

Duk Mahuta bijimi ɗaya ne mai suna Goje. Duk Mahuta sun san mai shi.

Na miƙe zan nufi Iliya, ƙafar da motar ta taɓa danne mini ta ƙi. Kafin in kai, muryar ta sake sirancewa, ta bar waƙar mutane ta kama tata:

"Hajo, Hajo, Hajarata, furarki ta fi ta kowa..."

Daga cikin gida guɗa ta tashi. Ba ɗaya ba. Ɗanjuma ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa, yana cewa, "Ku bar marigayiya ta gama! Ku bar ta ta gama!" Samarin da ke kashe waya in sun gan ni suka ciro ta suna ɗauka. Alhaji Mamman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, ashe da ka toshe kunne ta baki take fita."

Na fizge waya daga jikin na'ura. Iliya ya ce, "Baba, kai ka ce har ƙarshe. Saura da yawa ma. Jan madannin rediyonka kake dannawa ko? Ai na ɗaukar murya ne."

Ranar na sani.

Da aka tafi da amarya na shiga gida kaina a ƙasa. Hajara tana kwashe kwanuka. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Shekara da shekaru ina zaton ka manta sunana. Ashe shanu kake faɗa wa."

Na ce, "Ke."

Ta ce, "A'a. Hajo." Ta buɗe haɓar zaninta ta nuna mini memori. Ashe tuni ta aika aka karɓo daga Iliya. Na miƙa hannu, ta ƙulle abinta.

Yanzu ina nan Mahuta, ina noma gonata. Jan madannin na ƙwaƙule shi da ƙusa. In na doso majalisa babu mai kashe waya, sai dai wani ya ce, "Baba, a yi sauri, tuwo yana hucewa." Da na koma Funtua, Sale ya ce, "Me za a tura wa jika?" Na ce, "Tura wa kakanta." Kwalin koren zare yana kan taga, kowa na gani.

Abin da na koya biyu ne: in ba ka san aikin madanni ba, ka tambaya. In kuma za ka yabi matarka, ka faɗa mata a ɗaki, kada surukai su riga ta ji.